Ranar da Na Karɓi Malam Aiki

Waɗanda suke ɗakin a ranar ba su da yawa. Akwai Malam, maigidana, a kan kujerar roba a bakin taga. Akwai autanmu Nura, wanda ya kai mu ƙasar, da matarsa Binta da tsohon cikinta. Akwai Alhaji Isufu mutumin Maraɗi, abokin cinikin Nura, wanda suke haɗa kaya a kwantena ɗaya. Daga baya aka shigo da tsohon ɗan Sin mai gadin ƙofar benen da Nura yake haya, riƙe da kwalbar shayinsa. Sai ni. Malam da Isufu sun riga mu gidan gaskiya, mai gadin kuwa ban san yadda Allah ya yi da shi ba. Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke rubuta wannan, ita ce cikin da Binta ke ɗauke da shi a ranar, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana.

Magani ne ya kai mu Guangzhou. Nura ya daɗe a can yana saro tufafi a kasuwar Baima da manyan kantunan titin Guangyuan yana aikowa Kano, da ciwon cikin babansa ya gagari likitocin gida sai ya ce a kawo shi. An yi aune-aune, an ɗebi jini har na daina kallo. Daga ƙarshe likita ya ja Nura gefe ya gaya masa ya mai da babansa gida tun jikinsa yana iya ɗaukar tafiya. Tun kafin mu baro Zariya, lokacin hankalinsa bai fara yawo ba, Malam ya riƙe mini hannu ya ce kada in bari a binne shi inda ba wanda ya san sunan ubansa. Na ce masa to. Aka shirya tafiya ranar Asabar da safe: jirgin ƙasa zuwa bakin iyaka, a tsallaka Hong Kong, a hau jirgin sama. Likita ya ce in aka rasa wannan tafiyar, shi bai ɗauki alkawarin wata ba.

Ɗakin da Nura yake haya yana can sama, bayansa layin dogo ne da ke fitowa daga babbar tasha. Layukan sun shiga juna sun fita kamar zare a hannun masaƙi. A gefensu akwai wani siririn bene, fentinsa ya koɗe, samansa tagogi ne zagaye, matakalarsa ta ƙarfe a waje. Ranar da muka sauka na leƙa na gan shi, na ja labule. Ba sai an gaya mini ko mene ne ba. A gindin irinsa na yi ƙuruciyata.

An kai ni amarya barikin ma'aikatan jirgi a Zariya, Malam yana aikin sigina. A wancan zamani jirgi ba ya shiga tasha, ba ya fita, ba ya sauya layi, sai mutumin da ke saman irin benen nan ya ba shi hanya. Direba komai girman kansa, in ya iso ya ga hannun sigina a miƙe, tsayawa zai yi ya yi ta busa har a saukar masa. A cikin ɗakin akwai ƙarafa a jere kamar taɓare, suna ce musu liba, wasu jajaye, wasu baƙaƙe. In Malam ya kama ɗaya ya kafa ƙafa ya ja da dukan bayansa, sai waya ta motsa a ƙasa, ta bi gefen dogo tana ƙara kamar ƙofar da ta rasa mai, har can inda ido ba ya kaiwa, hannun ƙarfe ya faɗi. Ba a kama liba da tafin hannu haka nan, gumi yana sa ta tsatsa, sai da tsumma. Ni nake wanke tsummokaran, in shanya su a bayan ɗaki daban da kayan sawa, don warin baƙin mai ba ya fita. Tasha da tasha kuwa da ƙararrawa suke magana. Mu mata muna tsakar gida muna jin ta har muka iya ta ba wanda ya koya mana: wannan bugun na fasinjan Kano ne ya taso, wannan na kaya ne daga Gusau da auduga, wannan na shanu ne zai gangara kudu. Ba mu da agogo. Da ƙararrawa muke ɗora tukunya, da ita muke kora yara daga kan dogo, da ita mai goyo take sanin ta tashi ta yi wanka. Yanzu kowa agogonsa yana cikin wayarsa, kuma ban taɓa ganin zamanin da ake makara irin wannan ba.

Da rana nakan kai masa abinci. Mace ba ta shiga ɗakin, sai in zauna a matakalar ƙarshe ta sama ina jiran kwano, ƙarfen yana ƙona ni ta cikin zane. A nan na ga yadda ake karɓar aiki. Mai karɓa in ya hau ba ya cewa tashi ka tafi. Sallama zai yi, ya wuce taga, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya bi libobin da ido, sa'an nan ya tambayi abin da aka bar masa a kan layi. Mai sauka ya lissafa masa. Sai ya ce ya gani, ya karɓa, a miƙa masa tsumma. Kafin a faɗi wannan kalma mutum ba ya taka matakala, ko ɗakinsa ne ke ci da wuta. Ina jin su kullum, ban ɗauke shi komai ba. Na ɗauka irin tsirfar maza ce.

Sai shekarar da ƙyanda ta shigo bariki. 'Yar farina ta kwana tana zafi, da hantsi ta cika a kan cinyata. Na fita ba mayafi, ba takalmi, na tsaya a gindin benen na kira shi. Ya leƙo. Ya gani a fuskata. Na ga ya dafa bakin taga da hannu biyu, ya ce, "Ba a karɓe ni ba." Wanda zai karɓe shi yana kwance shi ma da nasa ciwon, ba a samo wani ba sai bayan la'asar. Maƙwabta suka yi mata wanka, suka yi mata salla. Hanyar maƙabarta sai an tsallaka dogo, dab da benensa. Ina daga ƙofar ɗaki ina hangen su, ina hangen shi a sama da tsumma a hannu. Akwai jirgin kaya a tsaye yana ta busa, bai saukar masa ba sai da na ƙarshensu ya tsallake. Iyakar rakiyar da ya yi mata ke nan.

Na daɗe ba na yi masa magana sai ta dole. Wata tsohuwa a barikin, mijinta ya tsufa a wannan aiki, ta same ni ina tsince shinkafa ta zauna ba a ba ta wuri ba. Ta ce, "Jirgin da ke tahowa daga Kaduna ranar nan, 'ya'yan mutane ne cike a ciki. Da ya sauko, uwa nawa kike so su taya ki wannan zaman?" Na ci gaba da kai abinci, amma sai in ajiye a sama in sauko in jira a ƙasa. Ban san ranar da na koma zama a matakalar ba. Tsofaffin da haka suke, su faɗa maka abin da ba ka son ji su tashi su kakkaɓe zane. Na yanzu lallashi suke yi, shi ya sa ba a jin maganarsu.

Benen Zariya tuni ya mutu. Tagogin sun farfashe, wayoyin an kwashe, awaki ne suke kwana a gindinsa. Wannan na saba da shi, don jiragen ma sun yi ƙaranci, abu ya mutu tare da aikinsa. Na Guangzhou ne ya fi ba ni tsoro: bene a rufe, jirage kuwa ba sa yankewa. Suna shiga suna fita, dogo yana karkata da kansa, ba ƙararrawa, ba kukan waya, ba kan mutum a taga. Nura ya tambayi mai gadi, ya ce an daɗe da rufe shi, yanzu wasu ne a wani ɗaki can daban suke zaune gaban allon gilashi suna dannawa.

Bayan an sallamo Malam daga asibiti shi da kansa ya yaye labulen. A lokacin sunaye sun fara kuɓuce masa, yakan kira Binta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Ya daɗe yana kallon benen, sa'an nan ya ce babu kowa a ciki. Nura ya yi masa bayanin masu dannawa. Ya ce, "Mutumin da bai ga jirgi ba, shi ne zai ba shi hanya?" A ransa ya yanke cewa mai aikin ya sauka ba a karɓe shi ba. Ya jawo kujera, ya ɗauki tawul ɗin alwala ya riƙe. Duk jirgin da ya taso sai ya miƙa hannu ya ja iska, ya bi shi da ido. A nan yake cin ɗan abin da yake ci, a nan yake salla daga zaune, a nan barci yake sace shi. Da Nura ya gwada ɗaga shi, ya riƙe ƙarfen taga har numfashinsa ya nemi ɗaukewa. Ranar Juma'a aka zo tafiya masallacin Huaisheng, wanda tun zuwanmu bai taɓa fashi ba ko da a riƙe ne, ya ce su je su yi masa addu'a, shi yana bakin aiki. A nan na san abin ya wuce wasa.

Da suka dawo daga masallaci Nura ya tsuguna a gabansa.

"Baba, gobe da safe za mu tafi gida. Ka zo ka ɗan kwanta, Binta ta haɗa maka kayanka."

"Ku tafi."

"Da kai za mu tafi. Zariya fa."

"Na ji. Wa zan bar wa nan?"

Alhaji Isufu mutum ne mai jiki da barkwanci. Ya naɗe hannun riga ya matso. Ya ce, "Baba, ga ni. Tashi, na karɓe ka. Ko kaza ba za ta tsallaka ba ina nan."

Malam ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan ina ne?"

"Maraɗi, Baba. Ai ka sani."

"Akwai dogo a Maraɗi?"

"Ana nan ana shirin kawo mana."

"To in an kawo ka zo."

Binta ta toshe baki da mayafi. Isufu ya ce wallahi tsohon nan lafiyarsa ƙalau, mu ne marasa lafiya. Sai ya kawo shawara a kira mai gadi, tun da yana da hula da rigar aiki, ko Malam zai ɗauka hukuma ce ta turo. Aka hawo da shi. Ya yi gaisuwarsu ta nihaw, ya ce wa Nura lawban, wato maigida, Nura ya yi masa bayani rabi da baki rabi da hannu. Mai gadin ya gyaɗa kai, ya tsaya kusa da kujera ya ƙame. Na ga Malam ya ɗan ɗago, idonsa ya yi haske, yana jira mutumin ya dubi layi. Shi kuwa Malam ɗin yake kallo yana murmushi. Sai Malam ya ce masa, "Ka ga jirgin kayan can da ke jira?" Nura ya fassara. Mai gadi ya leƙa, ya kaɗa hannu ya ce meyo, meyo, wato babu.

Malam ya koma ya jingina. Ya ce, "Ku ba shi ruwa ya koma ƙofarsa."

Nura ya ja ni kicin, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Inna, gobe ɗaukarsa kawai zan yi. Bai kai buhun shinkafa ba."

Isufu daga bakin ƙofa ya ce, "In ya yi ta ihu a iyaka ba za su bar shi ya hau jirgin sama ba. Su ce sai takardar likita, a maido ku."

Na ce su ba ni wuri. Na yi alwala na yi la'asar. Na yafa mayafi na fita waje gaba ɗaya, na ja ƙofa, sa'an nan na ƙwanƙwasa na yi sallama. Malam ya amsa bai juyo ba. Ban dube shi ba ni ma. Na wuce taga, na dubi gabas, na dubi yamma, na daɗe ina kallon layukan. Na ce, "Me ka bar mini a kan layi?"

Muryarsa ta fito irin ta da, wadda ban ji ba tun kafin ciwo. "Fasinjan Kano ya shigo, yana layin farko. Na kayan Gusau yana waje, kada a ba shi sai fasinja ya fita. Fitilar gabas tana wasa, na aika a duba." Sai ya juyo. Ya kira ni da sunana na yanka, wanda ba mai kirana da shi tun rasuwar iyayena. Ya ce, "Mace ba ta shiga nan."

"Ba a samu wani ba."

"Kin iya?"

"Shekara nawa na yi a matakala?"

Ya jujjuya tawul ɗin a hannunsa. Ya tambayi Nura ko jirginmu ta nan zai bi. Nura ya ce ta nan. Malam ya ce da ni, "Zan duba ki. Kada ki ɗauke ido sai kin ga wutsiyarsa. Jirgi bai wuce ba sai wutsiyarsa ta wuce."

Na ce, "Na gani, na karɓa."

Ya miƙo mini tawul. Ya dafa kafaɗar ɗansa ya tashi, ya ce wa Binta ko akwai sauran kunu. Ya sha, ya kwanta a gado kamar mutumin da ya taso daga aiki. Ni na zauna a kujerar, da ɗuminsa a jikinta.

Nura ya dawo ya durƙusa kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce gobe Binta ta yafa mayafina ta zauna a tagar, ni kuma in shiga wani tarago daban.

"In ya gan ni a filin jirgi fa?"

"Zai manta, Inna. Sunana ma mantawa yake."

"Sunanka ya manta. Aikin nan kuwa, ko ranar da yayarka ta rasu bai manta da shi ba. In ya gan ni a hanya zai ce a mai da shi, a lokacin ba taga, ba kujera, ba yadda za ka yi da shi."

"To ke shi ke nan ki zauna a ƙasar mutane, shi ya tafi?"

"Auta, alkawarin da na ɗauka na kai shi ne. Ban ce sai da ni ba. Kuma na ce masa na karɓa. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ba yanzu zan fara ba."

Ya kifa kai a gwiwata ya yi kuka, na bar shi ya gama. Isufu ya ce shi zai taho da ni in ya gama loda kayansa, ba za a daɗe ba. An daɗe daidai yadda Allah ya so. Sun isa Zariya lafiya, Malam ya kwana a ɗakinsa, ya ji kiran sallar masallacin unguwarsu. Ni da na isa, tabarmi na tarar a ƙofar gida da mutane a kai. An kai shi kusa da iyayensa. Amma wannan daga baya ne.

Washegari da na idar da asuba na koma kujerar. Ina jin su a bayana suna sa masa hula, suna jan akwati. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a sauka lafiya, yadda mai sauka yake ce wa mai karɓa. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban juya ba, don akwai jirgi a kan layi. Rana ta ɗan ɗaga, Binta ta zo ta tsaya a kaina ta nuna da yatsa ta ce ga nasu can. Na miƙe tsaye na manna jikina da ƙarfen taga don a gan ni da kyau. Tagoginsa duk iri ɗaya ne, rana tana dukan gilashin, ban ga fuskar kowa ba. Na bi shi da ido tarago bayan tarago, ya wuce gindin rufaffen benen, ya sha kwana, har wutsiyarsa ta shige bayan gidaje.

Binta ta ce, "Inna, sun wuce. Ki taso ki karya."

Na ce, "Kawo mini nan. Ga wani can ya taso."